Mai Babur Ya Zama Rabin Bakanike: Gyara da Kwalliyar Babura a Ƙasar Gumel

A ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, babur ya daɗe da fita daga sahun kayan marmari. Shi ke kai malamin firamare ƙauyen da aka tura shi, shi ke ɗauko buhun riɗi daga gona, shi ake nema idan naƙuda ta kama mace da tsakar dare ba mota a kusa. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne zaman mai babur da babur ɗinsa. A da mai hali kan hau na ɗan lokaci, ya kai wa dillali, ya cika kuɗi ya fasa sabo a kwali. Yanzu riƙewa ake yi, a gyara, a cire wannan a ɗaura wancan, har an samu samari da yawa waɗanda ba acaɓa suke yi ba, ba kuma kanikawa ba ne, amma suna iya kwance kabireto su wanke su mayar a ƙofar gida.

Babban abin da ya jawo haka aljihu ne. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, a watan Yuli ta kai 617, kafin 2024 ta ƙare kuma ta haura 1,000 a gidajen mai da dama. A watan Yunin 2023 aka bar wa kasuwa tsayar da darajar naira, dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta zarce 1,500 a farkon 2024. Babura da kayan gyaransu yawanci daga Indiya da Sin suke fitowa, ko da a nan gida aka harhaɗa su, saboda haka sabon Bajaj Boxer ya haura naira miliyan ɗaya. Ma'aikacin ƙaramar hukuma ko manomin da ke jiran kaka ba shi da hanyar sake sabo, wanda ke hannunsa shi ne jarinsa. A daidai wannan lokaci kuma wasu masu motoci suka jingine su suka dawo kan babur, sai kuɗin na hannu ma ya tashi.

Akwai kuma batun iyaka, wanda ya fi shafar wannan yanki a kan sauran sassan Jigawa. Maigatari a bakin Nijar take, kasuwarta ta ranar Alhamis kuwa tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma, ga riɗi ga zoɓo. A watan Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, a Nuwamba kuma hukumar kwastam ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Maigatari na cikin iyakoki huɗu da aka fara buɗewa ranar 16 ga Disamba, 2020, sai ga wani kullen bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, wanda Najeriya ba ta janye ba sai a Maris na 2024. Duk lokacin da aka rufe ƙofa, zumunci da ƙaramin ciniki ba sa tsayawa, sauka suke yi daga kwalta su bi turbar rairayi, inda sai amalanke da raƙumi da babur. Nan babur ya ƙara zama abin dako, nan kuma masu babura suka ƙara dogara da fetur ɗin kwalba da galan na 'yan bumburutu. Tun kafin wannan, a Janairun 2013, gwamnatin Kano ta hana acaɓa bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, 'yan ci-rani da dama suka dawo gida da baburansu da kuma salon ado irin na birni.

Sai dai ba kuɗi da iyaka kaɗai ba ne. Akwai sha'awa, kuma bai kamata a raina ta ba. Ƙasar Gumel ƙasar mahaya ce tun zamanin da Mangawa suka kafa sarautarta, har gobe kuma hawan sallah shi ne ranar da ake nuna doki da kayansa. Saurayin yau da ba zai iya ciyar da doki ba, babur ɗinsa yake yi wa irin wannan hidima: ya wanke shi da safe, ya goge shi da yamma, ya yi masa ado, ya fita kilisa a kansa ranar ɗaurin auren aboki. Wayar hannu ta ƙara wa wannan sha'awa wuta. A TikTok da YouTube yaro yana ganin yadda ake ɗaga ƙafar gaba, yana kuma ganin yadda wani bakanike a Indiya ko Pakistan ke buɗe inji irin nasa. Ba lallai ya ji yaren ba, hannun yake kallo.

Sauye-sauyen da ake yi wa babur a nan sun kasu uku, ko da yake sau da yawa a babur ɗaya ake samunsu. Na farko na ɗaukar kaya ne: a kai wa mai walda ya ƙara wa kariya tsawo da ƙarfi, a sa shoka mai tauri ko a ninka ta, a sake wa ƙafar baya wayoyi masu kauri, a tsawaita kujera ta ɗauki mutum uku ko huɗu. Na biyu na ado ne da neman a sani: fitilu masu walƙiya, hon mai ƙarar na babbar mota, sitika da fenti, rigar kujera mai geza, cire madubai don wai suna ɓata siffa, da kuma fasa salansa ko cire cikinta don a ji tahowar mutum tun daga kan kwana. Tsadar mai ta haifo na uku wanda ba a gani da ido, shi ne matse kabireto don babur ya rage sha.

A nan ne matsalar take, a ganina. Sanin inji ya yaɗu, amma ya yaɗu a karkace. Kuɗi da kulawa suna tafiya wajen abin da ido ke gani da wanda kunne ke ji, abin da ke ɓoye a ciki kuwa sai ya lalace ake tunawa da shi, alhali a ƙasa mai rairayi irin tamu shi ne ke yanke wa inji tsawon rai.

A ɗauki soson da ke tace iska. Ƙaramin abu ne mai araha, amma duk iskar da inji zai shaƙa ta cikinsa take bi. Daga farkon hunturu zuwa saukar damina, ƙura ba ta barin wannan yanki, ƙurar kuwa niƙaƙƙen yashi ce. Idan soson ya toshe, babur ya yi nauyi ya ƙara shan mai, sai wani ya cire shi gaba ɗaya ya ji inji ya saki, ya ɗauka ya yi dabara. Yashin da ke shiga daga ranar yana cin ringi da bangon da fistin ke gudu a ciki, bayan 'yan watanni babur ya fara hayaƙi yana shan baƙin mai, ya ƙi tashi da sanyin safiya, ƙarshe sai an sauke inji. Abin da wankin soso da ɗan ɗigon mai zai tsare, ya koma kuɗin fistin da ringi da ladan aiki.

Haka lamarin baƙin mai yake. Waɗannan ƙananan injuna, masu ƙarfin sisi 100 zuwa 125, ba ruwa ke sanyaya su ba, iska ce da mai. Man da ke cikinsu wajen lita ɗaya ne, kuma shi ɗin ne ke hidimar inji da giya da kuloci a lokaci guda. A zafin Afrilu da Mayu, babur na jan buhu biyu a cikin rairayi da giya ta ɗaya, ba gudu balle iska ta buge shi, man nan ba ya daɗewa ya tsinke. Da kuɗin juye ya tashi, mutane da yawa suka koma ciko maimakon juyewa, wasu kuma suka koma man awo wanda ba a san asalinsa ba. Idan aka haɗa wannan da matsattsen kabireto, wanda ke sa inji ƙona iska da yawa da mai kaɗan, zafi sai ya ninka, bawul ya ƙone, fulogi ya yi fari. Fasa salansa ma yana ƙara wannan zafin, domin an sauya yadda hayaƙi ke fita ba a daidaita shigar mai ba. Ɗan abin da aka rage a gidan mai, a gareji ake biyansa.

Sarƙa kuwa ana shafa mata tsohon baƙin mai, ya kama yashi, su haɗu su cinye haƙora. Fitilun ado ana jona su da murɗa waya da leda, su fi ƙarfin abin da inji ke caji, batir ya mutu, wani lokaci babbar fitila ta ɗauke ana tsakiyar tafiya.

Asarar inji da sauƙi, domin kuɗi ne. Wadda ta fi ciwo ita ce ta jiki. An ƙera birkin waɗannan babura ne don mutum biyu da ɗan kaya, yawancinsu kuma irin na cikin ƙafa ne, ba na faifai ba. Idan aka tsawaita kariya aka ɗora kaya a can baya, ƙafar gaba takan yi sakayau, kan babur ya riƙa rawa, birkin gaba ya rage kamu. An ƙara wa babur ƙarfin ɗauka, ba a ƙara masa ƙarfin tsayawa ba. Wanda ya cire madubi kuma ya hau titin Gumel zuwa Maigatari ranar Alhamis, tsakanin manyan motocin shanu, bai san abin da ke bayansa ba sai ya waiwaya. Hular kwano kuwa, tun da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta ta ranar 1 ga Janairu, 2009, ba ta taɓa zama a kawunanmu ba. Ana kawo uzurin zafi da tsada da tsoron sa hular da wani ya sa, amma mai babur ɗin kansa ba shi da wannan uzuri na ƙarshe. Karaya ana kai wa mai ɗori, idan ta yi muni a wuce Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Buguwar kai ba ta da ɗori. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne rakiyar ango da kai amarya, inda samari ke wasan ganganci a tsakiyar gari, cikin yara da tsofaffi, mai wayar da ke ɗauka yana ƙara zuga su.

Duk da haka ban yarda da masu ganin abin duka shashanci ne ba. Wannan sha'awa ta riƙe babura da yawa a kan hanya waɗanda da tuni sun zama kayan gwangwan, ta kuma buɗe hanyar abinci: mai walda, mai faci, mai ɗinkin kujera, mai wanki, mai sayar da kayan gyara da ke sarowa daga Kano, inda kayan garin Nnewi da na ƙetare ke sauka. Injin babur ɗan'uwa ne ga injin ban ruwa da ƙaramin janareto, wanda ya iya ɗaya bai yi nisa da sauran ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga masu noman rani. Saurayin da ya koyi daidaita bawul don son babur ɗinsa ya riga ya taka matakin farko na sana'a ba tare da gwamnati ta kashe masa sisi ba. Har kanikawan ma sun ƙara taka-tsantsan, don mai babur ɗin yau yana tsaye a kansu, ya san bambancin kaya mai kyau da jabu.

Abin da ya rage shi ne awo. Kusan duk ilmin da ke yawo a gareji na kunne ne da hannu: oga ya saurara ya ce ya yi, yaro ya kwaikwaya. Kunnen gwani abin girmamawa ne, amma ba ya gaya wa mutum yawan iskar da ta dace da taya, ko tazarar bawul, ko nisan da mai zai yi kafin a juye shi, alhali duk waɗannan suna cikin ɗan littafin da ke zuwa da sabon babur, wanda da Turanci yake kuma da wuya a buɗe shi. Takarda ɗaya da Hausa, boko da ajami, a manne a kowane gareji da shagon kayan gyara, za ta yi aikin da kame da tara ba su yi ba. Ƙungiyoyin kanikawa da na 'yan acaɓa suna da shugabanni da ake jin maganarsu, su ne za su iya cewa ba a ƙara kariya sai an duba birki, ba a fasa salansa a garejinsu.

Wasan babur kuma hana shi ba zai kashe shi ba, sai dai ya koma lungu da bayan magariba. Fili a bayan gari ba ya wuya a ɗaya daga cikin waɗannan ƙananan hukumomi huɗu. Idan hakimai da shugabannin ƙananan hukumomi suka ware wuri da rana, aka ce ba mai shiga sai da hular kwano da birki mai kamawa, aka nemi iyayen ango su daina bari ana yin abin a kan titi, samarin za su samu inda za su nuna gwanintarsu, masu kallo kuma su tsaya a bayan igiya.