CIWON DA IDO BA YA GANI

Ku da ke zango a Kumasi da Ankara, da ku na Maraɗi da Damagaram, da ku na Garwa da Marwa, Allah ya ba da kasuwa. Maganarmu ta yau a kan ciwo ce, irin ciwon nan da ya kan zauna a jikin mutum shekara da shekaru, wanda ya dube shi kuwa ba ya ganin kome.

Ya ɗan'uwana, in mutum ya karye a ƙafa, kowa ya ga ɗori. In ya zo tasha, a kan ba shi wurin zama. Amma akwai wanda ya ke zaune a rumfa kusa da taka, rigarsa wankakkiya, yana awo yana ba da canji, alhali ƙasusuwansa kamar ana kwankwatsa su da guduma. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, wannan ciwo fuska ba ta ba da labarinsa. In ciwo ya wuce wata 3 bai rabu da mutum ba, ko kuwa yana tafiya yana komowa, likitoci su kan kira shi ciwo mai daɗewa. Irinsa da yawa. Akwai ciwon baya na 'yan dako, da ciwon gwiwa na tsofaffi, da ciwon ɓarin kai. Amma bari mu ɗauki guda ɗaya wanda ya yi yawa a ƙasashenmu, watau amosanin jini, wanda yanzu a ke ce da shi sikila. Wanda ya gane wannan, zai gane sauran.

A cikin jinin ko wane mutum akwai ƙwayoyi jajaye, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Aikinsu shi ne ɗaukar iskar da mu ke shaƙa su kai ta ko ina cikin jiki. A jikin mai lafiya ƙwayoyin nan kewayayyu ne, masu taushi, su kan bi ta ƙananan jijiyoyi ba wahala, ko wace ɗaya kuwa ta kan yi kwana wajen 120 tana aiki. A jikin mai sikila su kan tanƙware kamar lauje, su yi tauri, su mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Shi ya sa jininsa kullum a ƙarance, ya kan gaji da wuri, wani lokaci idonsa ya yi ɗorawa. Sa'an nan ƙwayoyin nan masu kamar lauje su kan sarƙe a cikin jijiya, kamar yadda amalanke biyu su kan sarƙe a lungun kasuwa, na baya ba hanya. Inda jini bai kai ba, nan ciwo ya kan tashi, a ƙashi, ko ƙirji, ko ciki, ko baya. Sanyin hunturu, da dukan ruwan sama, da ƙishirwa, da zazzaɓi, da aikin ƙarfi, su ne su kan tsokano shi.

Ciwon nan ba baƙo ba ne. Wani likita a Shikago ta Amurka, James Herrick, shi ya fara rubuta bayaninsa cikin littattafan likitoci a 1910, amma kakanninmu sun san shi tun kafin nan. Mutanen Asante suna kiransa ahotutuo. Wani babban likitan Gana, Felix Konotey-Ahulu, ya bi sawun ciwon cikin zuriyarsu har ya kai shekarar 1670.

Ka ji da kyau, gama nan ne a kan yi kuskure. Sikila ba sammu ba ne, ba maita ba, ba kuwa aikin kishiya ba. Gado ne, daga uba da uwa duka biyu. Likitoci su kan gwada jini su ce wannan AA ne, wannan AS, wannan SS. Mai AS lafiyarsa lau, yana ɗauke da irin ne kawai. A 1954 Anthony Allison ya nuna a Afirka ta Gabas cewa mai AS yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa irin ya yawaita a ƙasashen sauro. A Nijeriya kusan mutum 1 cikin 4 AS ne, a 2006 kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a kan haifi jarirai wajen 150,000 da sikila a ƙasar ko wace shekara. A arewacin Gana da Burkina Faso akwai kuma wani iri da a ke kira C, in ya gamu da S shi ma ya kan kawo ciwon.

In mai AS ya auri mai AS, sai ka ɗauka goro huɗu ne cikin jaka, uku farare, ɗaya ja. Ko wane ciki da matar ta ɗauka, an sa hannu an zaro goro ɗaya ke nan, sa'an nan a mai da shi cikin jaka. Wata ta zaro ja sau uku a jere, wata ba ta zaro ba ko sau ɗaya. Sabo da haka kada miji ya ɗora wa matarsa laifi, gama rabin abin daga wurinsa ya fito. Samari da 'yammata kuwa su yi gwajin jini tun ba a kai kayan gaisuwa ba.

Watakila ka ce, ai in ciwon ya tashi an kai shi asibiti ya kwanta, shi ke nan ya warke. Ba haka ba ne. A 2008 aka buga sakamakon wani bincike a Amurka, inda masu sikila 232 suka riƙa rubuta halin jikinsu kullum har wajen wata 6. Aka tarar fiye da rabin kwanakin nan da ciwo suka yi su. Kwanakin da suka je wurin likita kuwa ba su kai 4 cikin 100 ba. Ka gani ke nan, yawancin ciwon a gida a ke shan sa, da wurin aiki, baki a rufe.

Me ya sa ciwo ya kan zauna haka? Wani sa'i ƙashi ne ya lalace, musamman kan ƙashin kwatangwalo, domin jini ya daɗe bai kai masa ba. Wani sa'i kuwa jijiyoyin da ke kai labarin ciwo ne suka zama masu firgita. Ka san karen da ɓarayi suka sha shiga gidansu, ko ganye ya motsa sai ya yi haushi. Haka jijiyar da ta sha wuya. A 1965 masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka bayyana cewa a cikin lakar gadon baya akwai abin da ya yi kama da ƙofa, ta nan labarin ciwo ya ke bi kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Ƙofar nan ta kan buɗe, ta kan kuma tsuke. Shi ya sa in ka buge gwiwa ka murza wurin sai ka ji sauƙi. Tsoro, da baƙin ciki, da rashin barci su kan wangale ta. Kwanciyar rai, da hira da masoyi, da aikin hannu mai ɗauke hankali su kan tsuke ta. Wannan ba ya nuna ciwon ƙarya ne. Yana nuna jiki da zuciya gidansu ɗaya, hayaƙin wannan ɗaki ya kan shiga wancan.

To, ga ciwo na biyu, wanda ba ya cikin jini. Shi ne rashin yarda. Yaro ya ce ba ya iya ɗaukar buhu yau, maigida ya ce ƙiwa ce. Amarya ta kwanta ranar girkinta, uwar miji ta ce raki ne. A ce da yarinya 'yar wabi, a faɗa a gabanta cewa ba za ta yi rai ba. Har a wani asibitin, in ya roƙi magani mai ƙarfi, a dube shi kamar ɗan ƙwaya. Mutum in ya faɗi gaskiya sau goma aka ƙaryata shi, ya kan yi shiru. Daga nan ya daina zuwa suna da biki, don kada ciwo ya kama shi cikin mutane. Ya zauna shi kaɗai yana lissafin kuɗin da aka kashe a kansa, yana ganin kansa kaya ne a wuyan dangi. Da wannan tunani ƙofar nan ta ƙara buɗewa, ciwo ya ƙaru.

Yanzu da kai na ke, ya kai mai ciwo, da ke, 'yar'uwata. Ciwonki gaskiya ne, ko an yarda ko ba a yarda ba. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Ba hukunci ba ne a kan wani laifi da kika yi, gama tun kina cikin ciki aka gada miki shi. In kin yi kuka ba ki kasa ba. Dauriya abu ne mai kyau, amma dauriyar da ta hana ki neman taimako ta zama cuta.

Ka ɗauki ƙarfin jikinka kamar jarin ɗan tireda. Jarin kaɗan ne, sai a yi lissafi. Ran da ka tashi da sauƙi, kada ka ce bari in rama aikin kwana uku, gama wanda ya cinye uwar kuɗi yau, gobe rumfa a rufe. Ka yi aiki kaɗan, ka huta tun ciwo bai tilasta ka ba, ka sake tashi. Kada kuma ka kwanta ɗungum don tsoro, domin gaɓar da ba a motsa ta ta kan sandare. Ka sami ɗan littafi ka riƙa rubuta ranar da ciwo ya tashi, da abin da ka yi kafin nan, da abin da ya kawo sauƙi. Bayan wata biyu za ka san halin ciwonka kamar yadda ka san halin abokin ciniki, likita kuma zai sami abin dubawa. Ka zaɓi mutum ɗaya ko biyu masu riƙon amana ka gaya musu kome. Ka nemi masu irin ciwonka, gama wurinsu ba sai ka yi rantsuwa ba. In baƙin ciki ya daɗe, abinci ba daɗi, barci ya ƙi, har zuciya tana raya maka gara mutuwa, kada ka kwana da wannan kai kaɗai. Ka faɗa wa na kusa da kai da likita a ranar. Wannan ma ciwo ne, yana kuwa da magani.

Ga na jiki kuma. Ka sha ruwa da yawa, gora ba ta rabuwa da kai. Ka rufe jiki da hunturu, ka kwana cikin gidan sauro. In ciwo ya taso, tsumma mai ɗumi za a sa, ba ruwan sanyi ba. Akwai magani mai suna hydroxyurea wanda ya kan rage yawan tashin ciwon, likita ne ke ba da shi yana duba jini. Ka yi hankali da ƙwayoyin da a ke tallansu a faranti. Tiramol ya kan kama mutum ya zama bawansa, waɗansu magungunan ciwon jiki kuwa in an daɗe ana sha su kan ci ƙoda, su kawo gyambon ciki. In zazzaɓi ya zo, ko ciwon ƙirji da wuyar numfashi, ko yaro ya yi fari fat cikinsa ya kumbura, ko ɓarin jiki ya saki, to, asibiti nan da nan, ko da tsakar dare ne. Ka kuma sani, masu sikila da yawa yau suna girma, suna aure, suna ganin jikoki. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka yarda da wani sabon magani mai gyara irin jinin kansa. Tsadarsa ta fi ƙarfin talaka nesa, amma ya nuna ba a zauna ba.

Saura ku, maƙwabta da dangi. Dukanmu mun san labarin Ayuba da haƙurinsa. Sa'ad da abokansa uku suka zo duba shi, suka zauna a ƙasa tare da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan. Wannan ya yi kyau. Da suka buɗe baki suka shiga nemo masa laifin da ya jawo wahalarsa, nan suka ƙara masa nauyi, a ƙarshe kuwa Allah ya tsauta musu. Kada mu zama kamarsu.

In maƙwabcinka ya ce jikinsa na ciwo, ka yarda. Kada ka ce ai jiya na gan ka kana dariya, gama ciwon nan haka ya ke, yau sauƙi gobe wuya. Kada ka kawo masa labarin wane da ya mutu da irinsa. Ka tambaye shi, me zan yi maka? Ka tsare masa rumfa awa biyu ya kwanta. Ka sauke masa buhu. In lokacin zubin adashi ya same shi a asibiti, ku ɗaga masa ƙafa. Ke uwar miji, ki karɓi muciya ranar da surukarki ta kasa. Kai malam, ka bar yaron ya sha ruwa cikin aji, kada ka sa shi gudu a rana. In ana biki ku gayyace shi, ko ya ƙi zuwa sau biyar, ku sake gayyata na shida. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tun 2009, ranar 19 ga Yuni ta ko wace shekara duniya ta kan tuna da masu sikila, bisa ga shawarar Majalisar Ɗinkin Duniya. Wannan rana ɗaya ce. Amma kasuwa kullum tana ci, kai kuwa ka san rumfar da ta kan kwana biyu a rufe ba a san dalili ba. Gobe in ka fito, ka bi ta can ka ce sannu, ka zauna kaɗan.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba masu jiyya haƙuri. Sai mun sake saduwa. Ku huta lafiya.