Kyamara a Maƙoshi: Wa Ke Gadin Numfashi?

A 1868 wani likita Bajamushe, Adolf Kussmaul, ya ƙuduri aniyar ganin cikin hanyar abincin mutum mai rai. Kayan aikinsa miƙaƙƙen bututun ƙarfe ne, don haka sai da ya nemo ɗan wasan da sana'arsa haɗiyar takobi kafin bututun ya wuce. Bututu mai lanƙwasa ya zo ne a 1957, daga hannun Basil Hirschowitz a Jami'ar Michigan ta Amurka. Wanda ake zura wa majinyaci yau kaurinsa kusan santimita 1 ne, da fitila da kyamara a bakinsa, kuma ana wannan aiki na endoskofi a manyan asibitocinmu na koyarwa, irin na Kano da Zariya.

Masu zuwa ɗakin endoskofi ba su da wuyar ganewa. Ga magidanci da ciwon hanta nau'in B ya cinye wa hanta har jijiyoyin hanyar abincinsa suka kumbura, yana aman jini, ana so a ɗaure su da 'yan robobi. Ga yaro da ya kurɓi ruwan sodar yin sabulu da aka ajiye a gorar lemo, ƙunar ta warke amma hanyar ta tsuke, sai an riƙa buɗa ta lokaci bayan lokaci. Ga kuma waɗanda ƙayar kifi, ko kwabo, ko haƙorin roba ya maƙale musu.

'Yan uwa sukan ji tsoron bututun. Amma kaso mafi tsoka na matsalolin wannan aiki daga numfashi da zuciya suke tasowa, kuma galibi maganin barci ne silarsu. Hanyar abinci da hanyar iska ƙofa ɗaya suke tarayya a maƙogwaro. Mutum a farke, tari da haɗiya suna tsare masa ƙofar huhu. Da an fesa masa maganin kashe zafi a maƙoshi, aka bi shi da allurar barci, masu gadin nan sun kwanta. Harshe yakan saki ya faɗa baya, numfashi ya ragu, ga bututu ya tare wani ɓangare na hanya. Idan akwai wani abu a ciki, yana iya tasowa ya gangara huhu, mutum ya ƙware cikin barci ba tare da ko tari ba.

Magungunan ma hali daban-daban gare su. Midazolam yana kwantar da hankali ya mantar da mutum abin da ya faru, kuma akwai allurar da ke warware shi. Dangin fentanil masu kashe zafi su ma suna da makari. Furofofol, farin ruwan nan mai kama da madara, shi likitoci suka fi so saboda saurin kamunsa da saurin sakinsa, sai dai ba shi da makari. Idan ya tsayar da numfashi, abin yi kawai shi ne wani ya buɗe hanyar iska ya riƙa hura wa majinyaci oksijin har maganin ya sake shi. Tazarar da ke tsakanin gyangyaɗi da barci mai nauyi kuwa ƙanƙanuwa ce, musamman ga tsoho, da mai ƙiba, da mai munshari, da wanda ya riga ya zubar da jini. A 2014 'yar wasan barkwancin Amurka Joan Rivers ta rasu tana da shekara 81, bayan numfashinta ya tsaya ana duba mata maƙoshi da wannan magani a birnin New York, inda ba a rasa kayan aiki ba.

Shi ya sa ƙa'ida ta ce wanda ke riƙe da kyamara kada ya zama shi ne mai lura da numfashi. Idonsa na kan allon hoto. Dole a samu mutum na biyu, likitan sa barci ko ƙwararriyar nas, wanda aikinsa duba ƙirji da awon jini da 'yar na'urar da ake maƙala wa a yatsa mai nuna yawan oksijin. Ita ma na'urar takan makara, domin mutumin da aka sa wa oksijin a hanci yana iya daina numfashi na ɗan lokaci kafin lambarta ta faɗi; na'urar da ke auna iskar da ake fitarwa ta fi saurin faɗakarwa. A nan damuwata take. Ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya tana neman aƙalla likita 5 ga kowane mutum 100,000, Najeriya kuwa ba ta kai 1 ba. Sayen kyamara ya fi horar da mutum sauƙi, kuma ina ganin duk asibitin da ya sayi ta farko bai tanadi na biyu ba, bai shirya buɗe ɗakin ba.

Majinyaci ma yana da nasa. Idan an ce kada a ci komai na awa 6, kunu da koko da fura da shayi mai madara duk abinci ne. Ruwa zalla kaɗai ake yarda da shi har zuwa awa 2 kafin aiki. Tausayin uwa da ta ba yaro ɗan kunu don ya daina kuka yana iya kai shi ɗakin kulawa ta musamman. Mai shan tiramadol ko kodin, ko jiƙe-jiƙe, ko maganin tsinka jini, ya faɗa wa likita ba kunya, domin da wannan bayani ake auna allura.

Akwai waɗanda cikinsu ba zai taɓa zama fayau ba kafin aiki: mai aman jini, da wanda abinci ya tokare masa, da ƙaramin yaro da ya haɗiyi wani abu. Irin waɗannan an fi sa musu cikakken barci, a zura bututun numfashi ya rufe ƙofar huhu kafin kyamara ta shiga. Mafi gaggawa shi ne ɗan batirin agogo ko na kayan wasa. Idan ya maƙale, yana fara ƙona naman wurin cikin awa 2, don haka ba a jiran cikar azumi.

Sai hujewar hanyar abinci, wadda ba ta cika aukuwa a duba kawai ba, amma haɗarinta yana ƙaruwa idan ana buɗa tsukakkiyar hanya ko ciro abu mai kaifi. Hanyar abinci, mai tsawon kusan santimita 25, bangonta siriri ne kuma ba ta da murfin waje irin na hanji, ga shi ta ratsa tsakiyar ƙirji kusa da zuciya. In ta huje, yawu da ƙwayoyin cuta sukan zuba can. Wanda aka gano cikin awa 24 na farko ya fi samun damar tsira nesa ba kusa ba. Alamomin sukan bayyana bayan an koma gida: ciwon ƙirji ko wuya mai tsanani, zazzaɓi, wahalar numfashi, ko kumburin wuya da ke ƙaras-ƙaras idan an danna. Kaikayin maƙoshi na kwana ɗaya ba komai ba ne, amma wanda ya ga ɗaya daga waɗannan kada ya ci kada ya sha, a mayar da shi asibiti a daren, ba a jira wayewar gari ba.