Raɓa a Cikin Danjar Mota: Dalilinta da Maganinta

Gabatarwa

A shekarar 1989 kamfanin Mazda da ke birnin Hiroshima na ƙasar Japan ya fito da wata ƙaramar motar gudu mai kujera biyu da rufin tamfol, wadda ya raɗa wa suna MX-5, ko da yake a Amurka an fi saninta da Miata. Motar ta sami karɓuwa ƙwarai, har a shekarar 2016 yawan waɗanda aka ƙera ya cika miliyan ɗaya. Samfurinta na farko, wanda aka yi daga 1989 zuwa 1997, yanzu ya kwana biyu a duniya, kuma masu riƙe da shi a Ingila da Jamus da Amurka suna da wani kuka da suka yi tarayya a kansa. Sai mutum ya wayi gari ya tarar da cikin fitilar baya, wato danja, ya yi fari da raɓa, wani lokaci ma har ruwa ya kwanta a ƙasanta.

Abin ya wuce maganar ado. Danja ita ce bakin da direba yake magana da na bayansa. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, saboda haka idan hasken birki ya dusashe har na baya ya makara da daƙiƙa ɗaya tak, an riga an yi asarar tazarar da za ta iya raba rai da ajali. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana inda wannan ruwa yake fitowa, da yadda za a bambanta raɓar da ba ta da illa da yoyon da ke buƙatar gyara, da kuma dalilin da ya sa liƙe fitilar ruf, wanda shi ne abin da ya fi saurin zuwa wa mutum a rai, yake ƙara dagula lamarin. Mun ɗauki wannan mota ne a matsayin misali, amma bayanin ya shafi danjar kowace mota.

Yadda Raɓa Ke Samuwa

Kowace iska tana ɗauke da tururin ruwa wanda ido ba ya gani, kuma yawan da za ta iya ɗauka ya dogara ne da zafinta. Iska lita 1,000 mai zafin digiri 30 a ma'aunin Salshiyos tana iya ɗaukar kimanin giram 30 na tururi. Idan zafin ya sauko zuwa digiri 20, iyakarta giram 17, a digiri 10 kuwa giram 9 da ɗoriya. Duk lokacin da iska mai laima ta taɓa wani abu mai sanyi, sai ɓangaren da ya taɓa shi ya huce, tururin da ya yi masa yawa ya koma ruwa ya manne a jikin abin. Wannan shi ne sirrin zufar da kwalbar lemo take yi idan an fito da ita daga firiji.

Wanda ya fara warware wannan al'amari filla-filla shi ne William Charles Wells, wani likita a birnin Landan, a cikin littafin da ya wallafa kan raɓa a shekarar 1814. Kafinsa, mutane da yawa sun ɗauka raɓa daga sama take saukowa kamar yayyafi. Wells ya auna zafin ciyawa da dare, ya nuna cewa idan sama ta yi garau, ciyawar takan saki zafinta zuwa sararin samaniya har ta fi iskar da ke kewaye da ita sanyi, sannan raɓa ta zauna a kanta. Haka nan murfin danja yake yi. Siririn farantin roba ne mai fuskantar waje, don haka shi ke fara yin sanyi da dare, alhali iskar da ke bayansa tana da sauran ɗumi da laima.

Yanzu bari mu yi ɗan lissafi. Mu ƙaddara cikin danja yana cin iska lita 2, zafinta digiri 30, kuma ta ɗauki kashi 80 cikin ɗari na tururin da za ta iya ɗauka, wato giram 24 a kowace lita 1,000. Idan dare ya yi ta huce zuwa digiri 20, rarar da za ta zubar giram 7 ce a lita 1,000. A lita 2 ke nan giram 0.014 kacal. Ɗigon ruwa ashirin ne ke yin giram ɗaya, ashe duk ruwan bai kai sulusin ɗigo guda ba. Amma da yake yakan warwatsu ya zama ƙananan ƙwayoyi masu tarwatsa haske, ya isa ya rufe murfin da farin hazo.

Darasin lissafin a fili yake. Hazo maras kauri yana iya fitowa daga iskar da ke cikin fitilar kawai. Amma idan aka ga manyan ɗigo suna gangarowa, ko ruwa ya kwanta har yana motsi, to kusan kullum ta wata kafa ya shigo.

Fitila Tana Numfashi

Mai karatu zai iya tambaya, me ya hana masu ƙera motoci su rufe fitilar yadda ko iska ba za ta shiga ba? Amsar tana cikin ɗabi'ar iska, wadda Gay-Lussac na ƙasar Faransa ya bayyana a shekarar 1802: iska tana kumbura idan ta yi zafi, tana tsukewa idan ta huce. Ƙwan birki na gargajiya yana cin wat 21, kuma mafi yawan wannan wuta zafi take zama. Idan ƙwai da zafin rana suka ɗaga iskar cikin fitila daga digiri 20 zuwa 60, za ta ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin bakwai, wato kimanin rubu'in lita a misalinmu. Dole wannan ƙari ya sami hanyar fita, kuma idan fitilar ta huce dole wata iskar ta shigo ta maye gurbinsa. Saboda haka fitilun mota suke da kafar iska a bayansu: a wasu ɗan lanƙwasasshen bututun roba ne mai kallon ƙasa, a wasu kuma wani ɗan ƙyalle ne da aka manna a kan rami. Irin wannan ƙyalle ya samo asali ne daga robar da Robert Gore ya gano a Amurka a shekarar 1969, mai ƙananan ramukan da tururi ke ratsawa amma ɗigon ruwa ba ya iya wucewa.

Mu masu nazarin halittu wannan dabara ba baƙuwa ba ce a gare mu. Ɓawon ƙwan kaza yana da dubban ƙananan ƙofofi, waɗanda ta nan ɗan tsako yake samun iska kuma tururi yake fita a tsawon kwana 21 na kwanci. Idan aka shafe ƙwan da mai har ƙofofin suka toshe, ɗan tsakon zai mutu a ciki. To haka danjar da aka yaɓe da gam ta ko'ina take. Laimar da ke ciki ta rasa mafita, kuma duk sanda fitilar ta huce sai ta riƙa tsotso ta wurin da ya fi rauni. Idan akwai ruwa a bakin wurin, shi za ta zuƙa. Wannan ne ya sa watsa ruwan sanyi mai ƙarfi a kan fitila mai zafi a wurin wankin mota yake yawan haifar da matsalar.

Motocin gudu sun fi fuskantar wannan saboda dalilai uku. Suna kusa da ƙasa, kuma iskar da ke juyawa a bayan mota tana feso ruwan titi a kan danja. Ƙafafunsu suna da tauri, don haka girgiza takan sassauta mahaɗai. Sannan a ƙasashe masu sanyi akan ajiye su a gareji tsawon watanni, ba a kunna fitila balle zafinta ya busar da cikinta. A samfurin MX-5 na farko, wurin da ya fi yin rauni shi ne gammon soso da ke tsakanin fitilar da jikin motar. Shekaru suna sa ya lotse ya farfashe, sai ruwa ya bi ta nan ya kai ga mazaunin ƙwai, ya kuma zuba cikin but. Sababbin motoci masu fitilar LED suna da tasu damuwar: ba su da zafin da zai kori hazo daga murfin da wuri, kuma da yawansu idan ruwa ya lalata su sai dai a sake fitilar gaba ɗaya.

Matakan Gyara

Mataki na farko shi ne lura. A ajiye motar a wuri mai ɗumi ko a yi tafiya da fitila a kunne. Hazon da ya watse da kansa bai buƙatar komai illa a tabbatar kafar iska a buɗe take. Wanda ya yi kwanaki bai tafi ba, ko yake dawowa bayan kowane ruwan sama ko wanki, shi ne na gyara. A duba cikin but kuma, domin jiƙaƙƙen kafet a ƙarƙashin fitila shaida ce babba.

Na biyu, a cire fitilar. A wannan mota, daga cikin but ake kwance notocin da ke riƙe da ita. A zare ƙwayayen, a tsiyaye ruwan, in akwai datti a ɗauraye da tataccen ruwa. Kada a zuba fetur ko sifirit ko maganin goge farce, domin murfin danja yawanci robar akirilik ce, kuma waɗannan sinadarai suna sa ta tsattsage.

Na uku, a busar da ita sarai. A bar ramukan ƙwai a buɗe a wuri mai ɗumi da iska na yini ɗaya ko biyu, ko a hura iskar na'urar busar da gashi a mafi ƙarancin zafinta. Akirilik yana yin laushi da zarar zafi ya ɗan haura digiri 100, kuma yana iya karkacewa tun kafin nan. Ƙa'idar ita ce, zafin da hannu ba zai jure ba, kada a ɗora wa robar.

Na huɗu, a nemo kafar yoyon kamar yadda mai faci yake neman huji a tif. A toshe ramukan da salatif a bar guda, a shafa ruwan sabulu a kan mahaɗar murfi da kwanon fitilar, sannan a hura iska a hankali. Inda kumfa ta tashi, nan ne ɓarakar.

Na biyar, a liƙe wurin da ya ɓalle kawai. Gam ɗin roba na butil, wanda ba ya bushewa ƙarau, shi ya fi dacewa da mahaɗa. Idan silikon za a sa, a guji mai warin tsami irin na ruwan khal, domin asid ɗin da yake fitarwa yana cin ƙarfen wayoyi. Tsohon gammo kuwa a sake shi da sabo, domin soson da ya lotse ba ya komawa yadda yake.

Na shida, a share kafar iska. Ƙura da laka da saƙar gizo-gizo suna toshe ta, kuma a ƙasashe masu zafi zanzaro yana son gina ɗakinsa a irin wannan rami. Daga nan a kankare tsatsar mazaunin ƙwai, a mayar da fitilar, a ɗaure notoci daidai wa daida. Matsewa fiye da kima tana fasa robar ta buɗe sabuwar kafa.

Dabarun da Ba Su Wadatar ba

Wasu sukan jefa ƙunshin silika, wato ƙananan ƙwayoyin nan da ake samu cikin kwalin sabon takalmi, a cikin fitilar. Mu ma da su muke busar da iri da ganyaye a ɗakin bincike, kuma suna iya shan laima har kusan kashi 40 cikin ɗari na nauyinsu. Sai dai idan suka ƙoshi sun daina aiki, kuma fitilar da ke numfashi kullum za ta ƙosar da su ba da jimawa ba. Wasu kuma sukan huda murfin domin ruwan ya tsiyaye. Wannan yana ɓata fitilar, yana kuma buɗe wa ƙura da ruwa hanya. Idan huji ya zama dole, a yi shi ƙarami a can ƙasan kwanon, ta baya, inda feshin taya ba ya kaiwa.

Akwai wani abin lura ga masu mota a ƙasarmu. Raɓar danja tafi tsananta a tsakiyar damina, musamman watan Agusta. Da hunturu ya shigo iska ta bushe, sai ta ɓace, mai mota ya zaci ta warke. Kafar tana nan, kuma yanzu ƙura ce ke shiga ta cikinta. Damina mai zuwa ƙurar za ta haɗu da laima, funfuna da gansakuka su sami wurin zama, kamar yadda funfuna take mamaye gilashin madubin duba ƙwayoyin halitta idan an ajiye shi a kabad mai danshi. Don haka rani shi ne lokacin gyara, tun da fitilar ta bushe da kanta.

Kammalawa

Mun ga cewa ruwan da bai kai sulusin ɗigo ba yana iya rufe danja da hazo, cewa ruwan da ya kwanta alamar yoyo ce, kuma cewa fitila tana buƙatar kafar iska kamar yadda ƙwai yake buƙatar ƙofofinsa. Gyaran da zai ɗore shi ne a toshe inda ruwa ke shiga, a buɗe inda iska ke fita. Bayan an gama, a sami wani ya taka birki, mai mota ya koma baya da nisa ya duba da idonsa ko hasken ɓangarorin biyu ya zo daidai. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani, kuma wannan dubawa ba ta cin minti guda.