Taya Mai Faɗi da Hanyoyin Rairayi

Duk wanda ya taɓa bin hanyoyin ƙasar Damagaram Takaya ya san rairayi. Babbar hanyar kwalta da ta tashi daga birnin Damagaram zuwa Gure da Difa ta bi ta Gidimuni. Amma ƙauyuka da yawa na wajen Mowa, da Mazamni, da Albarkaram ba su bakin kwalta. Mai zuwa kasuwa, da malamin makaranta, da mai neman magani gidan likita, duk cikin rairayi suke kutsawa. Keke ya kafe, mai shi ya sauka yana turawa. Kafin ya isa, kasuwa ta fara watsewa.

A zamanin nan an ƙera keke mai batir. Yana da ƙaramin inji wanda ke juya ƙafar keke. Ba ya shan mai. Ana cika batirinsa da wutar lantarki ko da faranti mai ɗaukar hasken rana. Amma ya fi keken da aka saba nauyi. Da yawansu suna kai kilo 20 zuwa 30. Saboda haka in tayarsa siririya ce, ya fi saurin nutsewa cikin rairayi.

Me ya sa siririyar taya take nutsewa?

A dubi raƙumi da jaki. Raƙumi ya fi jaki nauyi nesa ba kusa ba. Amma in sun shiga tudun rairayi, jaki ne ke shan wahala. Kofaton jaki ƙarami ne, nauyinsa duka yana taruwa wuri ɗaya, sai ya huda ƙasa. Tafin raƙumi kuwa faffaɗa ne, kuma mai taushi. In ya taka, sai tafin ya baje, nauyi ya rarrabu.

Haka taya take. Siririya kamar kofaton jaki ce, tana yanka rairayi kamar wuƙa. Mai faɗi kamar tafin raƙumi ce, tana bi ta bisa. Shi ya sa amalanken shanu da na jakai suke aiki da tayar mota.

Sirrin yana ga iska

Faɗi kaɗai bai isa ba. In an bunƙa wa taya mai faɗi iska har ta yi tauri kamar dutse, amfaninta ya ragu. In an rage iskar kaɗan, sai ta kwanta a ƙasa, wurin da take takawa ya ƙaru. Kuma in ta hau tsakuwa ko ta faɗa rami, ita ce ke shanye girgizar. Ƙugu da baya da hannuwa su huta. Ƙwai da tumatir su isa kasuwa lafiya.

Siririyar taya ba ta yarda da wannan dabara. In an rage mata iska, da ta bugi dutse sai ƙarfen ƙafar ya datse tiyub. Mai faci ya san wannan huda: ƴan ramuka biyu kusa da juna, kamar saran maciji.

Tayar iska tsohuwar dabara ce. A 1888 wani likitan dabbobi mai suna Dunlop ya yi wa keken ɗansa ita a birnin Belfast. Daga baya, a Amurka, masu yawo cikin ƙanƙara da rairayi suka ƙera keke mai taya ƙatuwa, faɗinta santimita 10.

Karanta lambar taya

Ga inda karatu ke da rana. A gefen kowace taya akwai lambobi biyu. Ta farko girman ƙafar keke ce. Ta biyu faɗin tayar ce, da awon inci. Inci ɗaya santimita biyu da rabi ne.

Tsohon baƙin keke yakan zo da 28 x 1½. Faɗinta kusan santimita 4 ke nan. Taya mai 26 x 2 faɗinta santimita 5. Mai 26 x 4 ita ce ta santimita 10. Lambar farko ba a canza ta. Taya mai 26 ba ta shiga ƙafa mai 28. Wanda ya iya karatu, ba a sayar masa da abin da ba zai hau kekensa ba.

Kafin a fid da kuɗi

1. A auna tsakanin taya da jikin keke, gaba da baya. Ya kamata a bar aƙalla rabin santimita kowane gefe. Da damina laka tana manne wa taya. In ba fili, ƙafa ta cije.

2. A dubi faɗin ƙarfen ƙafar. Taya mai faɗi ƙwarai a kan siririn ƙarfe tana tangaɗi wajen kwana, tana iya kayar da mutum. Ta santimita 10 sai keken da aka ƙera dominta. Keken da aka saba, ƙarin santimita ɗaya yakan ishe shi.

3. Sabuwar taya tana son tiyub daidai da ita. Ƙaramin tiyub cikin babbar taya yana miƙewa, ya yi siriri, ya fashe.

4. A tambaya ko ana samun irinta a kasuwar Dole ta Damagaram. Keken da tayarsa ba ta samuwa kusa, ranar da ta yage ya zama kayan jingina a zaure.

Kowane amfani da kuɗinsa

Taya mai faɗi ta fi tsada, ta fi nauyi. A kan kwalta, mai manyan haƙora tana jan keke baya, batir ya ƙare da wuri. Rairayi ma yana cin batir fiye da hanya mai tauri. Wanda zai yi nisa ya gwada tukuna a kusa da gida, ya san iyakar batirinsa. Tura keke mai kilo 30 cikin zafin bazara ba wasa ba ne.

Faɗi kuma ba ya hana ƙaya. Ƙayar aduwa da tsaidau ba su san babba ba. A riƙa tafiya da famfo da kayan faci. In za a hau kwalta ko an ɗora kaya mai nauyi, a ƙara iska. In za a shiga rairayi, a rage kaɗan. In an sauka, a kai keke inuwa, don zafin rana yana lalata roba da batir.

Wanda hanyarsa kwalta ce, tayar da ke gare shi ta isa. Wanda kullum rairayi yake sha, taya mai faɗi za ta rage masa gajiya, ta kai shi kan lokaci. Amma ya auna, ya karanta lamba, ya shawarci mai gyaran keke kafin ya kwance bakin aljihu. Matambayi ba ya ɓata.