Kalar da ke karɓar fuska: abin dubawa kafin a yanka yadin Sallah

Da azumi ya kai goman tsakiya, layin 'yan atamfa a Kejetia da Makola ba ya shiguwa. Tambayar da ke yawo a bakin mata guda ce: "Anya wannan kalar za ta karɓe ni kuwa?" Amsar mai shago ma guda ce: "Haba Hajiya, ai kamar don ke aka buga shi." Shi ciniki yake nema. Ke ce za ki zauna da yadi shida na GTP ko Vlisco, wanda idan almakashi ya shiga ba ya komawa shago.

Na daɗe ina ɗinki a Aboabo, kuma abin da na fi ji shi ne wai fara komai karɓarta yake, baƙa kuwa sai ta yi taka-tsantsan. Wannan zance ba shi da tushe. Ba duhun fata ko haskenta ne ke yanke hukunci ba, launin da ke kwance a ƙarƙashinta ne. Ki jera mata uku, dukkansu wankan tarwaɗa: wata fatarta tana ɗaukar ruwan zuma, wata tana yin ja-ja, wata kuma tana karkata zuwa shuɗi-shuɗi. Dalili shi ne sinadarin melanin iri biyu ne, akwai mai duhu, akwai mai ja da rawaya, kuma kowa da yadda Allah ya gauraya masa, ga kuma jinin da ke gudana a ƙarƙashin fata.

Turawa sun yi rubutu a kan wannan. Littafin Carole Jackson da ya fito a Amurka a 1980 shi ya yayata raba mutane gida huɗu, kowane gida da sunan wani yanayi na shekararsu. Sai dai ma'aunin ya jingina sosai da kalar gashi da ta ido. Mu kuwa gashi na cikin ɗankwali, ido kusan duk iri ɗaya ne. Haka dabarar duba jijiyar hannu, ko kore ce ko shuɗiya: a fata mai duhu jijiyar ma da kyar ake ganinta.

Abin da ke yi mana aiki ya fi wannan sauƙi. Ki wanke fuska, babu hoda babu jan baki, ki tsaya a inuwa da hantsi da madubi a hannu. Kanga farin yadi tas a ƙarƙashin haɓa, sannan ki canza da ruwan madara. Ɗaya zai sa fuskar ta washe, idanu su fito; ɗayan zai fito da duhun ƙasan ido, ki zama kamar wadda ta tashi daga zazzaɓi. Ki sake gwadawa da sarƙar gwal da ta azurfa. Wadda ruwan madara da gwal suka karɓa, ta nemi ruwan goro, ruwan ƙwai, ruwan makuba da koren ganye. Wadda fari tas da azurfa suka haska, nata su ne shuɗi mai duhu, shunayya, ruwan hanta da ruwan hoda mai ƙarfi. Idan duka biyun sun yi, to ke kam kin huta.

Kada a yi gwajin nan a cikin shago. Fitilar shago tana ƙara wa yadi rawaya ko shuɗi, kyamarar waya kuma gyara haske take da kanta, shi ya sa leshin da aka turo ta WhatsApp kan iso da wata fuska daban. A roƙi mai shago a fito da shi bakin ƙofa. Lokacin hunturu kuma a shafa man kaɗanya tukuna, don fatar da ta yi furu-furu kowace kala kashe ta take.

Kalar da na fi jin tsoro ita ce wadda ta yi kusa da fatar mutum ba ta kai ba: ruwan ƙasa a jikin wankan tarwaɗa, ko ruwan toka mai dishi-dishi a jikin baƙa. Fuska da hijabi sai su narke su zama abu guda. Daga nan ne wata za ta ɗora wa fatarta laifi, ta nufi man bilicin, alhali hukumar abinci da magunguna ta Ghana ta hana mayukan shafa masu sinadarin haidirokwinon tun 2016. Canza gyale ya fi wannan araha nesa ba kusa ba.

Ga mu masu rufe jiki, tafin hannu biyu na yadin da ke kewaye da fuska shi ke yin aikin. Zani da siket kowace kala suka zo babu damuwa. Maza ma haka: shadda ta zama fara ko ruwan siminti, hula da aikin wuya su ne ke kusa da fuska.

Saura anko, inda uwar biki ke zaɓar kala guda ta ɗora wa mata hamsin. Ba a ƙin anko, zumunci ne. Abin da nake wa masu kawo min ɗinki shi ne in duba zanen atamfar, don da wuya a rasa kala uku ko huɗu a ciki. Sai mu ɗauki wadda ta dace da mai kayan, a yi mata bakin wuya da ita, a sayo gyale ko hijabi irinta, sauran yadin ya sauka ƙasa.