Ido lafiya lau, amma rabin duniya ta ɓace

Tun da aka kammala dam ɗin Tiga a 1974 ruwa ya biyo magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, noman rani ya zama abin yi, babur kuma ya zama jakin manomi. Shi ke ɗaukar taki, shi ke kai kwandon tumatir Kwanar Gafan, shi ke dawo da mai gona gida Kumbotso bayan magariba, ta titin Zariya, tsakanin tireloli. An hana acaɓa a cikin birnin Kano tun 2013, amma a karkara babur bai je ko'ina ba. Hular kwano kuwa, tun 2009 da aka ce dole ce, wasu 'yan acaɓa suka kifa ƙwarya a ka don su wuce jami'an hanya, har yau ba ta samu karɓuwa ba.

Idan aka faɗi, karaya muke dubawa. Ƙafa ta karye, a kai asibitin ƙashi na Dala ko wurin maɗori. Kan da ya bugu da kwalta kuwa, in dai bai fashe ba, sai a ce Allah ya tsare. To a nan gizo ke saƙa.

Ido ba ya gani shi kaɗai. Haske kawai yake karɓa, ya aika saƙo ta jijiya zuwa ƙeya, inda ƙwaƙwalwa ke haɗa hoton. Kuma aikin a harɗe yake: abin da ke hagunka ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa ke karanta shi, na damanka kuma ɓangaren hagu. Wani likitan ido na Japan, Tatsuji Inouye, ya bi diddigin wannan a kan sojojin da harsashi ya ratsa ƙeyarsu a yaƙin Rasha da Japan, ya wallafa a 1909. Ya ga cewa inda harsashi ya bi, shi ke nuna gefen ganin da zai ɗauke, alhali idanun ba abin da ya same su. Mai irin wannan rauni yakan gane cewa gefe guda ya yi masa duhu, sai ya koyi juya kai.

Akwai wata matsalar da ta fi wannan ban mamaki, kuma ta fi haɗari. Idan rauni ya taɓa gefen dama na ƙwaƙwalwa, can sama da kunne zuwa baya, hoto yana iya isa lafiya amma hankali ya ƙi komawa hagu. An fi ganin haka ga wanda hawan jini ya jawo wa shanyewar ɓarin jiki, amma buguwar kai ma tana kawo shi. A ajiye masa kwanon tuwo, ya cinye rabin dama tas, ya tsame hannu ya ce a ƙaro. A juya kwanon, sai ya ci gaba da ci kamar yanzu aka kawo. Ya aske gemu ɓari guda. Ya yi ta bugun kafaɗar hagu a ƙofar zaure. In manomi ne, yana iya ban ruwa ya bar fangalin hagu a bushe, ya rantse ya gama. Ba ƙarya yake ba. Shi a wurinsa ba abin da ya rage.

A 1978 wasu masu bincike biyu a Italiya, Bisiach da Luzzatti, suka ce wa marasa lafiya biyu masu wannan matsala su kawo hoton a zuci su kwatanta babban dandalin birnin Milan kamar suna tsaye a wani gefe. Suka lissafo gine-ginen dama, suka tsallake na hagu. Da aka ce su ɗauka sun koma ɗaya gefen sun juyo, sai suka ambaci waɗanda suka tsallake ɗazu, suka manta na farko. Ashe ko a cikin tunani, hagun ba ya nan.

A gida, ba a rasa fassara. Wannan ya ce taurin kai ne, waccan ta ce shafar aljanu, a tafi ruƙiyya. Masu dama-dama su kai shi asibitin ido a yanka masa gilashi, gilashin kuma ba zai yi komai ba. Addu'a ba wanda ya hana, amma ni a ganina babbar asarar ita ce watannin farko da ke wucewa, domin a lokacin ne ƙwaƙwalwa ta fi karɓar horo.

Gwajin kuwa ba ya buƙatar na'ura. Takarda da biro ne: a ce ya zana agogo, sai ka ga lambobin sun cunkushe a dama, a ja layi a ce ya nuna tsakiya, sai ya sa alama can kusa da ƙarshen dama. Wanda ya ga haka ga ɗan'uwansa, ya nemi a tura shi wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a yi hoton kai, a haɗa shi da masu gashin ƙashi da motsa jiki. Su kan koya masa waiwayen hagu da gangan, har su ja jan layi a gefen shafi don ya san inda karatu ke farawa. 'Yan gida ma su riƙa zama ta hagunsa in za su yi masa magana.

Sauran raunukan kai ba su kai haka bayyana ba: mutum ya kasa bin lissafin ciniki a hayaniyar kasuwa, ya gaji da wuri, ya riƙa saurin fushi. Duk wanda ya bugu a ka kuma ya fara amai, ko barci mai nauyi, ko ruɗewa, a garzaya da shi asibiti ko da ya tashi da ƙafarsa, don jini na iya taruwa a cikin ƙoƙon kai a hankali. Makullin babur kuma a ɓoye shi, ko da zai yi faɗa, sai likita ya ce ya hau.