Tsagar Bango: Yaɓe Ne Ya Dare, Ko Harsashi Ne Ya Motsa?

Ran 13 ga watan Maris na shekarar 2019 wani bene ya rufta a unguwar Ita Faji cikin tsibirin Ikko, ya hallaka mutum wajen 20, da yawansu 'yan makarantar da ke saman benen ne. Abin takaici shi ne, hukuma ta riga ta sa wa ginin alamar rushewa. Wato dai da wuya gini ya faɗi bai yi gargaɗi ba, sai dai a ƙi kula.

Gargaɗin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne wanda ke fitowa daga harsashi, abin da magina ke kira fandisho. Tun da yake yana binne ne a ƙasa, ba a ganin ciwonsa sai a jikin bango. Amma ba kowace tsaga ce abin tsoro ba. Siririya mai kama da gashi, wadda ta warwatsu a kan filasta, yawanci bushewar siminti ce kawai. Wadda ake gudu ita ce mai tashi daga kusurwar ƙofa ko taga ta tafi a karkace, ko mai bin layin bulo tana hawa kamar matakala, musamman in ta fi faɗi a gefe guda, ko kuwa ana ganinta ciki da waje. Ma'aunin injiniyoyin gine-gine na Ingila ya ɗauki tsagar da ta wuce milimita 5 abar lura, wadda ta wuce 15 kuwa mai tsanani ce.

Akwai kuma waɗansu alamu. Ƙyauren da ke rufuwa lafiya a da sai ya soma cijewa, daɓe ya fashe ko ya gangara har ruwan wanki ya riƙa taruwa a kusurwa guda, bango ya rabu da daɓe ko ya yi tumbi. Igiyar da aka ɗaura wa dutse aka sako daga sama ta isa ta nuna ko bango ya karkata.

Mafarin ciwon galibi ƙasa ce da ruwa. A Numan, da Dikwa da Ngala inda ake kiranta firgi, akwai baƙar laka mai kumbura da damina ta ɗaga gini, da rani kuma ta tsuke ta sake shi. A tsofaffin birane irin su Kano kuwa, akan cike kududdufi da shara a yi gini a kai, alhali cikon bai gama zama ba. Haka nan indararo mai zuba a gindin bango, da famfon da ya fashe a ƙasa, da masai ko rijiyar da aka haƙa dab da ɗaki, da ƙaton dalbejiya mai zuƙe laimar laka. Daɗin daɗawa, sai a aza bene a kan harsashin da aka yi don gidan ƙasa.

Gwajin ba shi da tsada. Maigida ya ja layi da fensir a inda tsagar ta tsaya, ya auna faɗinta, ya rubuta kwanan wata, ya kuma ɗan shafa siminti a kanta wuri guda. In damina da rani suka wuce simintin bai fashe ba, ginin ya zauna, ana iya toshewa. In ya fashe, harsashi na motsi ke nan, aikin ya wuce na birkila, sai injiniya.

Amma fa in tsagar na buɗewa cikin kwanaki, ko ana jin ƙara a bango, ko ɓarɓashi na zubowa daga rufi, ba a jiran gwaji, a kwashe iyali nan take. Mai shafe irin wannan tsaga ya bi ta da fenti, ko don ya sayar da gidan ko don ya zuba 'yan haya, ya sani rayukan mutane ne ya ajiye a ƙarƙashinta.